Ribar Farko da Faifan Inna

Ɗana Aminu,

Na ga saƙonka tun daren Laraba, na bari sai yau da na samu natsuwa, don tambayar ba ta amsar tsaye ba ce. Ka ce kafin sakamakon JAMB ya fito ka samu gefen teburin wani a titin Ahmadu Bello, kana sayar da data da manna gilashin waya. Da riba ta fara shigowa, babarka ta ce ka kawo ta farko gida a sa albarka. Kana son sanin ko addini ne ko al'ada, kuma don me mutum zai yi gumi sannan a ce ya miƙa.

Al'ada ce, ba farilla ba. Amma ka ji yadda ta yi aiki a kaina kafin ka yanke mata hukunci.

A 1976 ina da shekara goma sha huɗu, muna unguwar Gangare a Jos. Shekara uku ke nan da fitowar naira, amma bakin mutane bai saba ba, kwabo goma sule muke ce masa, kwabo biyar sisi. A lokacin da wuya ka ga yaro sa'ana zaune hannu rabbana. Wasu na dako a tashar jirgin ƙasa da kasuwa, tun kafin a gina babbar kasuwar Taminus ɗin nan da ta ƙone a 2002. Wasu na yanka rake a baro, wasu na faci a wurin masu hayar keke, wasu sun sa tantabaru da zomaye a bayan ɗaki. Masu ƙarfin hali kuwa sai su bi manya wankin kuza a rafi, su tsaya cikin ruwa a sanyin nan na Jos da ke tsaga leɓe, su tara ɗan baƙin yashin su kai wa mai sikeli. Baba ya hana mu wannan, saboda kududdufan da haƙar kuza ta bari sun ci 'ya'yan mutane da yawa.

Ni kananzir na kama. Inna, kakarka, ita ta ba ni jarin galan ɗaya daga kuɗin ƙosanta, ta ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Bayan la'asar nake jera kwalabe a bakin lungu da mazurari, domin da magariba ta gabato kowane gida sai ya nemi abin zuba wa fitilar ƙwai da aci-balbal. Ranar da galan na farko ya ƙare, na shiga gida da ribata a tafin hannu, sule uku. Inna na bakin murhu. Ta jawo faifai ta ce in zube, ta ƙirga da yatsa ɗaya, ta aika aka kira Baba. Ya ɗauki sisi ya ba almajirin gidanmu, ya dafa kaina ya yi addu'a, ya tashi. Ko kwabo bai sa a aljihu ba. Sauran Inna ta jefa a asusun ƙasa, aka tura shi ƙarƙashin gado. Ana saura kwana goma ƙaramar salla muka fasa, na yanki yadi da kuɗina, na ƙara galan na biyu.

Amfanin faifan nan bai bayyana mini ba sai bayan wata biyu. Galan kwalba shida yake bayarwa. Wani babban yaro ya koya mini in riƙa tsayar da awo ƙasa da wuyan kwalba, da duhun magariba ba mai lura, sai na fitar da bakwai. Na zube kuɗi ina jiran yabo. Inna ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta ɗago ta ce, "Galan ɗin ne ya haihu?" Ba ta ɗaga hannu ba. Washegari ta sa na bi gidajen da na sayar wa ɗaya bayan ɗaya da kwalba a hannu, ina cika wa kowa abin da na rage, ina faɗa da bakina. Akwai wata tsohuwa da ta ce mini fitilarta ta mutu tana tsakiyar lazimi. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Ka gane ke nan. Iyaye ba kuɗin suke bukata ba, so suke su san ƙofar da kuɗin yaro ke shigowa. Uwa ta san jarinka, ta san abin da ya kamata ya haifar, duk ranar da ya wuce haka za ta tambaya. Haka ma yaron shago ko na gareji a Dilimi: ɗan abin da ubangida ya ba shi, gida yake kaiwa a zuba masa adashi, ranar da aka yaye shi sai kwasar ta zama kuɗin kayan aiki.

Ba zan ce maka komai na wancan zamani daidai ne ba. Akwai iyayen da suka mayar da yaro saniyar tatsa. Yayarmu ta yi tallar ƙosai tun asuba har aka tara mata kwanukan jere, amma a shekarar da gwamnati ta buɗe firamare kyauta ga kowa an ce ta yi girma, kuma farantin ba shi da mai ɗauka. Har ta rasu tana jin zafin rashin karatun nan. Don haka in ka ga teburin zai ci maka makaranta, ni zan fara ce maka ka naɗe shi.

Abin da ya fi damuna da naku zamanin shi ne kuɗinku ba a jin ƙararsa. Namu tsaba ne, yana kacau-kacau a aljihu, kowa na ji. Naku cikin waya yake shiga tsakar dare, yaro na kwance kusa da uwarsa ba ta san ya samu ba, ba ta san ya zuba a cacar ƙwallo ba. Babarka a gaban faifan nan ta tashi, shi ya sa ta tambaye ka.

Ka je wurin mai POS ka ciro ribar a hannu, kada ka tura mata ta waya. Ka bari sai bayan isha'i babanka na gida, ka durƙusa ka ajiye a gabansu, ka faɗa musu nawa ka sa, nawa ya fito, da sunan mai teburin da kake raɓe da shi. Abin da suka mayar maka, ka raba uku: jari, ajiyar kuɗin rajistar makaranta, da na sabulu. In na shigo Jos ƙarshen wata zan biyo ta wurin naka, gilashin wayata ma ya tsage.

Ka gaishe mini da babarka da ƙannenka.

Kawunka