Tsohon gidan abincin 'yan Sin a Koriya: me zan ci, me zan bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗalibi ne a Seoul, abokan karatuna sun dage sai mun je wani tsohon gidan abincin 'yan Sin a Incheon, wai tun zamanin kakanninsu ake dafa abinci a wurin. Ni Musulmi ne, ban san me zan ce a kawo min ba, kuma bana so in ba su kunya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Ka je, kar ka ƙi. Incheon ɗin nan ita ce tushen abin, tun da aka buɗe tashar jiragen ruwanta a 1883 'yan Sin daga lardin Shandong suka fara zama a can, su suka zo da taliyar da ta koma jajangmyeon. Da ka sauka a tashar Incheon, ƙarshen layin jirgin ƙasa na 1, unguwarsu na tsallaken titi, kuma tsohon ginin gidan abincin Gonghwachun an mayar da shi gidan tarihin jajangmyeon tun 2012, ku fara leƙawa.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Jajangmyeon taliya ce da baƙar miya ta waken suya da ake kira chunjang, da albasa mai yawa, kuma kusan kullum da naman alade a ciki, an yanka shi ƙanana ya ɓace cikin baƙin miyar, ba za ka gane da ido ba. Gashi tsofaffin gidaje da yawa da kitsen alade suke suya, shi ne ma ƙamshin da mutane ke bi, don haka tsince naman ka ajiye gefe bai raba ka da komai ba. Tangsuyuk kuwa, soyayyen naman nan mai miya mai zaƙi da tsami da ake ajiyewa a tsakiyar tebur, alade ne sai in an rubuta na sa, haka gunmandu ma, soyayyen ƙullin fulawan nan mai nama a ciki.

In ni ce, zan nemi samseon ganjjajang. Samseon na nufin da kayan teku, su jatan lande, ganjjajang kuma miyarsa sai an yi oda ake soya ta a kawo a kwano daban, ba daga babbar tukunyar safe ake ɗebowa ba, shi ya sa za ka iya cewa "dwaeji gogi ppae juseyo", wato a cire naman alade, sannan ka sa abokinka ya tambayi da wane mai suke suya. Jjamppong, jan romon nan mai yaji da kayan teku, shi ma a tambaya, wasu na zuba alade a romon. In kukun ya ce ba zai yiwu ba, kar ka ji nauyi, ka sha shayinka ka ci danmuji, yankakken radish ɗin nan mai ruwan ɗorawa da ɗan zaƙi da ake kawowa kyauta da ɗanyar albasa, daga baya ka ci abincinka a unguwar Itaewon ta Seoul kusa da babban masallaci. Gara ma ka kira gidan tun kafin ranar.

Tambaya: Anti, mu biyu ne, kuɗinmu kaɗan, ni ina son jajangmyeon ita tana son jjamppong.

Amsa: Ku tambayi jjamjjamyeon, kwano ɗaya ne mai shinge a tsakiya, rabi wannan rabi wancan, sai dai ba kowane tsohon gida ke yi ba. Kuma da an kawo ku gauraya taliyar nan take, in ta jima tana kumbura ta manne.