Tambayi Likita: Waya, Yaranmu da Karatu

Tambaya: Likita, yarona ɗan shekara 3 ba ya cin abinci sai an kunna masa katun a waya. Da matsala? Daga wani uba a Argungu.

Amsa: Akwai, Malam. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon, wanda bai kai 2 ba kuwa kada a fara ba shi. A kashe wayar lokacin cin abinci. Zai yi kuka na ɗan lokaci, ya saba. In har yanzu bai iya haɗa kalmomi ba, a kai shi asibiti a duba jinsa.

Tambaya: Ɗalibaina na JS3 gyangyaɗi suke tun darasin farko. Rashin jini ne? Daga wani malami a Jega.

Amsa: Yana yiwuwa, amma tambaye su ƙarfe nawa suke ajiye waya. Masu shekara 13 zuwa 18 na bukatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana karatun rana. Wanda ya kwana a TikTok har ƙarfe biyu, ga asuba, ga Islamiyya, me zai riƙe? Waya ta kwana a ɗakin iyaye. Wanda bai daina ba bayan haka, a auna jininsa.

Tambaya: Idon ɗana ya yi ja saboda kallon waya. An ce in ɗiga masa ruwan albasa ko ruwan sikari, in sa masa kwalli. Daga wata uwa a Yawuri.

Amsa: Haba Hajiya! Albasa ta miya ce. Mai kallon waya yakan rage ƙifta ido, shi ya sa idon ke bushewa ya yi ja. Duk minti 20 ya ɗaga kai ya kalli nesa. Kwallin dutse kuwa sau da yawa akwai dalma a cikinsa, kuma ba mu manta ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba. In akwai kwantsa, zogi, ko ba ya hango allo a aji, sai asibitin ido.

Tambaya: Ɗiyata mai shekara 15, da ita ce ta ɗaya a ajinsu. Tun da ta samu waya ta canza. Ta daina cin abinci, kullum tana ɗaki tana kuka, har ta ce gara ta mutu. Kakarta ta ce aljanu ne suka shige ta ta waya. An yi mata hayaƙi da barkono, an yi mata bulala, babu sauƙi. Daga wata uwa a Birnin Kebbi.

Amsa: Hajiya, a dakatar da hayaƙin nan da bulalar yau, ba gobe ba. Hayaƙin barkono a rufaffen ɗaki yana iya shaƙe mutum har lahira, musamman mai asma. Wallahi abin nan yana ci mini rai: yarinya na ciwo, a ƙara mata da duka.

Alamomin da kika lissafa na ciwon damuwa ne. Cuta ce kamar hawan jini, tana kama yara, kuma tana jin magani. Kalmar nan ta "gara in mutu" ita ta fi tayar mini da hankali. Kada kowa ya ce shagwaɓa ce. Ki kwashe fiya-fiya, maganin ɓera, maganin feshin gona da duk ƙwayoyin gidan ki kulle. Kada a bar ta ita kaɗai. Ki kai ta babban asibiti nan Birnin Kebbi yau ɗin nan, ki maimaita wa likita maganar yadda ta faɗe ta. In da bukata za su tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Zuwa can ba ya nufin hauka.

Sannan wayar. Sau da yawa ba ita kanta ba ce, abin da ke cikinta ne. Wata 'yan ajinsu ne ke yi mata ba'a a guruf ɗin WhatsApp. Wata kuma wani ƙato ne ya yaudare ta ta tura hoto, yanzu yana cewa ko kuɗi ko ya watsa. Yarinyar da ta san abin da tonon asiri ke jawowa a garinmu za ta gwammace ta haɗiye abin. Don haka kada ki fizge wayar a gaban mutane kina bincike. Ki zauna da ita ku biyu, ki ce, "Ko me ya faru, ni uwarki ce, ba zan dake ki ba." Ki yi shiru ki saurara. In barazana ce, kada a biya ko sisi, kada a goge saƙonnin, a kai ƙara da su.

Addu'a da ruƙiyyar karatu ban hana ba, a ci gaba. Amma ki lallashi Kaka a haɗa da asibiti. Ina sake faɗa: yau.

Tambaya: Ɗana zai zana JAMB. In ƙwace wayar gaba ɗaya? Daga wani uba a Zuru.

Amsa: A'a, Baba. A kwamfuta ake jarrabawar, yana bukatar atisaye. Ka yanka masa lokaci, ya yi a falo inda kake ganinsa, da dare ya miƙo maka ita.