Tumatir ya yi araha, ya zan ajiye shi ya kai damina?

Tambaya: Salam Malam, ni uwargida ce a Gusau. Yanzu na rani ya cika kasuwa kwando ya yi arha, amma da ruwa ya sauka sai ya gagari kowa. Ya zan adana shi? Wutar nepa ba ta zama a unguwarmu.

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya. Gaskiya ɗanyen tumatir ba zai kai miki damina ba ko me kika yi masa, sama da kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne. In na ɗan kwanaki ne, saka tukunyar ƙasa cikin wata babba ki cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma, dabarar da wani malami mai suna Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa kenan, tana aiki sosai in iska a bushe take.

Na watanni kuma sai kauda. Ki zaɓi mai tsoka irin UTC ko Roma, ki tsince ruɓaɓɓu don guda ɗaya yana ja wa sauran, ki wanke ki tsaga biyu ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki shanya fuskar yankan tana kallon rana. Don Allah kar a ƙasa, abin da ke sa mutane ƙin kauda kenan, yashi a miya da baƙi, wanda ake bazawa a bakin titi ƙura da akuya duk suna bi ta kai. A ɗora a tabarma mai tsabta bisa gado ko tebur, a yafa tsohon gidan sauro saboda ƙuda, da yamma a kwashe. Sai ya bushe ƙayau ki zuba a bokiti mai murfi, in da sauran laima funfuna zai yi, wanda ya yi funfuna kuma zubarwa ake.

Markaɗe ma yana ajiyuwa, ki dafa shi ya tsotse ya yi kauri, ki zuba da zafinsa a kwalbar da kika tafasa, ki matsa lemon tsami ki rufe gam, sannan ki sake dafa kwalaben ruwa ya shanye kansu kamar minti 45. Amma tumatir zalla fa, tattasai da albasa suna rage tsaminsa, tsamin nan kuwa shi ke hana ƙwayar cuta mai guba tsira a kwalba. Duk wadda murfinta ya kumbura kar ko ɗanɗanawa ki yi.