Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan ƙaninta mai larurar ƙwaƙwalwa da maganar komawa aiki

Salamu alaikum 'yan uwa. 'Yar uwa na karanta tambayarki, kin ce ƙaninki yana da larurar ƙwaƙwalwa, yana shan magani ya samu sauƙi sosai, amma tun da aka sallame shi daga wajen aiki yake zaune a gida, shi yana so ya fita nema su kuma manya sun ce a'a ya zauna sai ya warke sarai tukuna, ke kuma kin rasa bayan wa za ki bi, ga kuɗin magani ya fara fin ƙarfinku. Na ga mutane da yawa sun ce a bar shi ya huta, na san da kyakkyawar niyya suka faɗa, amma ni gaskiya ba haka na gani ba, kuma ba labari aka ba ni ba, ni ma irin wannan larurar ce ta sa aka taɓa kwantar da ni asibiti, na rasa aikina, na yi shekaru ina zaman gida kafin Allah ya sa na sake tashi.

Maganar "sai ya warke sarai" ita ce ta fi damuna. Da yawa daga cikin waɗannan cututtukan ba irin wanda ake shan magani na sati biyu a ce an gama ba ne, kamar hawan jini suke, mutum yana shan maganinsa yana zuwa ganin likita yana ci gaba da harkokinsa, kuma ba wanda ke ce wa mai hawan jini ya zauna a ɗaki sai ranar da ya rabu da shi kwata-kwata. In aka ce jiran wannan ranar za a yi, to ana iya shekara goma ana jira, kuma zaman da ake cewa hutu ne shi kansa yana ci masa lafiya, wannan shi ne abin da masu lafiya ba su cika ganewa ba.

Ni lokacin da nake zaune, abin da ya fara lalacewa barci ne. Ba inda zan je da safe, to me zai sa in kwanta da wuri, sai in raba dare ina latsa waya in tashi rana tsaka, maganin safe ya koma na yamma wani lokacin ma in manta ko na sha ko ban sha ba. Ranaku duk suka zama iri ɗaya, ba na banbance Talata da Asabar. Abokai suka ragu, ba wai don mugunta ba, kawai su suna da hirar wajen aiki ni ba ni da abin cewa. Amma wallahi abin da ya fi min ciwo shi ne yadda a gida aka daina neman shawarata, ana magana kan abin da ya shafe ni ina zaune a wurin amma wani ake tambaya, kuma komai ƙanƙantar abu sai na roƙa, ko kuɗin aski. Babba da kai ka riƙa miƙa hannu kullum, wannan kaɗai ya isa ya jefa mai lafiya cikin ciwon damuwa balle wanda dama yake fama.

Daga baya da na fara karance-karance na ga ashe ba ni kaɗai ba ne, an daɗe da sanin wannan. Akwai wani ƙauye a Ostiriya kusa da Biyana ana ce masa Marienthal, masaƙa ce ke riƙe da kusan duk mutanen garin, da aka rufe ta wajen 1930 sai masu bincike suka je suka zauna da su, cikinsu har da wata mata Marie Jahoda, suka fitar da sakamakon a 1933. Sun tarar maza har saurin tafiyarsu ya ragu, suna tafe suna tsaye-tsaye a titi, aron littafi a laburare ya faɗi ƙasa duk da cewa lokaci ya yi musu yawa, matan ne ma suka ɗan fi riƙe tsarin lokaci saboda aikin gida bai bar su ba. Jahoda ta ce bayan albashi, aiki yana tsara wa mutum yininsa, yana haɗa shi da mutanen da ba 'yan gidansu ba, yana ba shi matsayi da jin cewa da shi ake wani abu. Kuma waɗannan fa lafiyayyu ne. A 2009 wasu masana biyu, Paul da Moser, suka haɗa bincike sama da 300, suka samu cewa kashi 34 cikin 100 na marasa aiki suna da matsalar da ta shafi ƙwaƙwalwa, a masu aiki kuma kashi 16 ne. Kin ga ya ninka har da ɗoriya.

Sai kuma talauci, wanda kika taɓo da maganar kuɗin magani, don Allah kar ki ɗauke shi ƙaramin abu. Yadda yake tafiya shi ne, ciwo ya raba mutum da aiki, kuɗi ya yanke, sai a fara tsallake ranar ganin likita saboda kuɗin mota, sai a fara raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, sai ciwon ya motsa, a koma asibiti a kashe abin da ya ninka wanda aka so a yi tsiminsa, wani lokacin har wanda ke jinya shi ma ya bar nasa aikin, gida ya ƙara shiga matsi. Na ga wannan da idona a kan mutanen da muke haɗuwa layin ganin likita, wanda ya fi saurin dawowa gado yawanci ba wai ciwonsa ne ya fi tsanani ba, aljihunsa ne ya fi rauni. Wani nazari da ya fito a mujallar Science a 2020 ya nuna masu ƙaramin ƙarfi sun fi masu hali shiga ciwon damuwa da fargaba ninki ɗaya da rabi zuwa uku, kuma abin ta fuska biyu yake, talauci na jawo ciwon ciwon na jawo talauci. A Kenya an gwada ba wa gidajen talakawa kuɗi hannu da hannu ba wani sharaɗi ta ƙungiyar GiveDirectly, sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna damuwarsu ta ragu walwalarsu ta ƙaru, ba tare da an ba su ko ƙwaya ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce masu matsananciyar larurar ƙwaƙwalwa suna mutuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sauran mutane, kuma mafi yawa cututtukan jiki ne da ake iya karewa ke kashe su, wato rashin kulawa da rashin hali suna da hannu dumu-dumu.

Masu nakasar jiki su ma haka suke sha ko ma fiye. Ina da aboki da ke amfani da keken guragu, ya yi karatu ya fi ni nesa ba kusa ba, an taɓa kiransa intabiyu ya je ya tarar ofishin a bene yake ba hanyar hawa, aka ce ya bar takardunsa za a neme shi, har yau shiru. Kuma ko da ya samu aikin, albashi ɗaya da abokin aikinsa ba ya nufin rayuwa ɗaya, don shi ba ya iya shiga motar haya ta kowa da kowa sai ya ɗauki shata, ga gyaran keke, ga biyan wanda zai taimaka masa. Amartya Sen, masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya da ya ci kyautar Nobel a 1998, ya yi wannan maganar, cewa mai nakasa asara biyu yake yi, samun kuɗin ya fi masa wuya, sannan in ya samu yana buƙatar fiye da na wani kafin ya kai inda wanin ya kai. Rahoton duniya kan nakasa na 2011 ya nuna a ƙasashe 51 maza masu nakasa kashi 53 ne ke aiki, marasa nakasa 65, mata masu nakasa kuma kashi 20, marasa nakasa 30. Ba mutane kaɗan ake magana ba, mutum biliyan 1.3 ne ke da nakasa mai tasiri a duniya, kusan ɗaya cikin shida.

To amma fa kar a ce na ce a tura shi ko wane irin aiki. Manyanku suna da gaskiya a nan, akwai aikin da gara zaman gida da shi. A Ostareliya an bi dubban mutane tsawon shekaru, binciken ya fito a 2011, aka ga wanda ya bar zaman banza ya shiga aiki mai kyau lafiyar ƙwaƙwalwarsa ta inganta, amma wanda ya shiga aikin da ake matsa masa, ba shi da ta cewa, ba tabbas ko gobe za a kore shi, kuma ba a biyansa daidai, nasa halin ya fi na wanda ya ci gaba da zama lalacewa. Saboda haka a guji aikin dare da mai canjin shifti, musamman in ciwonsa irin mai hawa da sauka ne, don rashin barci na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da shi. A guji ogan da ke yi wa mutane tsawa a gaban jama'a. Ni da rabin yini na fara, aikin rubuta kayan da suka shigo da waɗanda suka fita, kuɗin ba wani mai yawa ba ne kuma ya yi ƙasa da karatuna, amma ranar da na sayi maganina da kuɗina wani abu ya dawo min a zuciya wanda na daɗe ban ji ba, kuma barcina ya daidaitu don dole in tashi da safe.

Akwai wani tsari da Deborah Becker da Robert Drake suka ɓullo da shi a Amurka a shekarun 1990 ana ce masa IPS, da can al'adar ita ce a yi ta horar da mai larura ana jiran ya "shirya", su kuma suka juya abin, suka ce duk wanda ya ce yana son aiki a nema masa aiki na gaske cikin sauri, irin wanda shi yake so, sannan a riƙa tallafa masa yana ciki tare da masu ba shi magani. An gwada shi a ƙasashe da dama, sama da rabin waɗanda suka bi ta nan suna samun aiki, a ɗaya hanyar kuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne, kuma ba a ga ya ƙara yawan komawa asibiti ba. Ko babu irin wannan shirin inda kuke, ku a gida za ku iya ɗaukar darasin, ke ki zama mai tallafin.

Maganar ko ya gaya musu larurarsa, wannan nasa ne ya yanke, kar wani ya je ya faɗa a madadinsa. Ni ban faɗa a intabiyu ba, sai da na zauna suka ga aikina, sannan na samu mutum ɗaya cikin shugabanni na ce ina da larura da ke sa ni ganin likita lokaci-lokaci ina buƙatar a riƙa ba ni wannan ranar, ban shiga dogon bayani ba. Tsangwama gaskiya ce tana nan, wasu da sun ji kalmar taɓin hankali shi ke nan ko ka yi fushi na gaskiya sai a ce ciwon ne ya tashi. Amma ya sani yana da haƙƙi, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006 ta haɗa da masu larurar ƙwaƙwalwa, sashe na 27 ya hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki kuma ya ce a yi wa mutum sassaucin da ya dace, mafi yawan ƙasashen duniya sun sa hannu, sai ku duba abin da dokar ƙasarku ta ce. In kuma yana karɓar wani tallafin gwamnati ku tambaya tun da wuri ko fara aiki zai sa a yanke.

In sana'a ya fi so ba laifi, amma a fara da ƙaramin jari, kar a haɗa masa kuɗi mai yawa lokaci ɗaya, kuma wani ya riƙa taya shi duba lissafi da yardarsa, amma kuɗin nasa ne ba a karɓe masa a ce ana ajiye masa ba.

Kafin ya fara ku je wajen likitansa tare, in da hali har da ɗaya daga cikin manyan da ke jin tsoron, don abin da za ki yi wata kina faɗa ba su ji ba likita zai faɗa sau ɗaya su yarda. A gaya wa likitan irin aikin, in maganin na sa shi kasala da safe ana iya gyara lokacin shan ko yawansa, amma shi kar ya kuskura ya rage ko ya daina da kansa don ya ga ya samu sauƙi, mutane da yawa a nan suke faɗuwa. Ku zauna da shi yanzu da yake cikin natsuwa ku rubuta alamomin da ke fara nuna ciwon zai motsa, ko ƙarancin barci ne ko yawan magana ko ƙin fita, da wanda za a kira in an gani. In kuma ya taɓa furta cewa ya gaji da rayuwa ko shi nauyi ne a kanku, wannan ba a jiran ranar asibiti, a kai shi a ranar.

Zai iya farawa ya kasa, ni ma aikin farko ban daɗe ba na bari, in hakan ta faru don Allah kar a ce masa "dama mun faɗa maka", a bar shi ya huta ya sake gwada wani. Ki fara da tambayarsa yau wane irin aiki shi yake ganin zai iya da kuma awa nawa a rana. Allah ya ƙara masa lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan tsayuwar da kike yi a kansa.