Tambaya da Amsa: Wane ne Frederick Sanger?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a fannin kimiyyar sinadaran jikin halitta, kuma da wuya a yi darasi malaminmu bai ambaci sunan Sanger ba. Don Allah wane ne shi, me ya gano, kuma ta ina aikinsa ya shafe mu? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Frederick Sanger Baturen Ingila ne, an haife shi a 1918, ya rasu a 2013, kuma kusan dukan aikinsa a Kambirij, birnin jami'a da ke Ingila, ya yi shi. Shi ne mutum na farko da ya karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai sau biyu, a 1958 da 1980, kuma ba a sake samun wani ba sai Barry Sharpless a 2022.

Bayan ya kammala digirin digirgir a 1943, sai ya tunkari insulin, sinadarin nan da masu ciwon suga ke yi wa kansu allurarsa. A lokacin masana sun san cewa furotin, wanda insulin ɗaya ne daga cikin nau'o'insa, haɗi ne na ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, amma babu wanda ya tabbatar cewa suna da tsayayyen jeri. Sanger ya ɗauke su kamar 'ya'yan carbi masu launi daban-daban, ya riƙa tsinka zaren gunduwa-gunduwa, yana yi wa bakin kowane guntu alama da wani sinadari mai launin rawaya, sannan ya duba inda ƙarshen wannan ya yi daidai da farkon wancan har ya gano yadda aka shirya su tun asali. Silsila biyu ne ke cikin insulin: ya fitar da jerin mai amino asid 30 a 1951, da mai 21 a 1953, sannan a 1955 ya nuna yadda biyun suke ɗaure da juna, aikin da ya kawo masa kyautarsa ta farko. Wato shekara goma sha biyu ya yi a kan abu guda, kuma a ganina wannan haƙurin shi ne abin da ya fi cancanta ɗalibi ya lura da shi, musamman yanzu da ake auna malamin jami'a da yawan maƙalun da ya buga.

Ta nan ne aikinsa ya iso gidajenmu. Da aka san cewa kowane furotin yana da jerinsa, sai wani masani, Vernon Ingram, shi ma a Kambirij, ya bi irin wannan hanya wajen binciken jinin masu cutar sikila, ya nuna a 1956 da 1957 cewa amino asid ɗaya tak ne ya sauya a cikin sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini. Wannan sauyin shi ne bambancin A da S da ake dubawa a gwajin jini kafin aure, kuma shi ne asalin ciwon gaɓoɓi da ƙarancin jinin da iyalai da yawa a ƙasar Hausa suke fama da su.

Kyautar Sanger ta biyu ta zo ne daga DNA, wanda ke ɗauke da bayanan gado. A 1977 shi da abokan aikinsa suka fito da dabarar karanta haruffansa huɗu, wato sinadaran da jerinsu ke ɗauke da bayanan, ta hanyar sa a kwafi zaren sannan a tsayar da kwafin a kan wani harafi da aka zaɓa, ta yadda tsawon guntayen zai nuna gurbin kowane harafi. Da dabarun ɗakin bincikensa aka karanta ilahirin bayanan gadon wata ƙwayar cuta mai haruffa fiye da 5,000. Ya raba wannan kyauta da Walter Gilbert da Paul Berg.

Game da tasirinsa, ya kamata ki lura cewa Sanger bai shahara da koyarwa a aji ko ƙirƙiro manyan ra'ayoyi ba, kayan aiki ya samar wa masu bincike. Duk da haka biyu daga cikin ɗalibansa, Rodney Porter da Elizabeth Blackburn, sun ci Nobel, a 1972 da 2009. Ya yi ritaya a 1983, ya kuma ƙi karɓar muƙamin Sir, wato laƙabin girmamawa na masarautar Ingila. Cibiyar da aka sa wa sunansa a Hinxton, kusa da Kambirij, ta karanta kusan kashi ɗaya cikin uku na bayanan gadon ɗan Adam a gagarumin aikin da aka kammala a 2003, kuma da dabararsa aka yi shi. Yau akwai na'urorin da suka fi ta sauri nesa ba kusa ba, amma idan ana son tabbatar da sakamako a kan wani ɗan gajeren yanki na DNA, har yanzu ɗakunan gwaji da dama ita suke komawa.