Doguwar tuffa mai tudu biyar: allura aka yi mata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sarin kayan marmari a 'Yan Lemo, ina kasawa a Titin Gidan Zoo. Kwanan nan wata Hajiya ta dawo mini da jar tuffa, wai ta ji a WhatsApp cewa duk doguwa mai tudu biyar a gindi allura aka yi mata ta kumbura. Kuma a kwali ɗaya nakan tarar da wasu sun karkace gefe guda. Me zan gaya wa masu saye?
Mai karatu daga Na'ibawa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo kasuwa. Ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, babu allura. Gona mai dubban bishiyoyi, wa zai bi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya da sirinji? Tuffar da aka huda ma ruɓewa za ta yi a jirgin ruwa tun kafin ta ga Legas. Feshi dai akwai shi, wannan kam ba zan musa ba.

Jar da kake nufi dangin Red Delicious ce, kuma tudun nan biyar halittarta ce. Inda ake sanyin dare bayan fure ya zube, kamar jihar Washinton ta Amurka, da kanta take fitowa doguwa. Inda ake ɗumi sai ta yi gajarta ta kewaye. To masu saye sun fi son doguwa, shi ya sa manoma ke fesa wa furen wani haɗi, wanda ya fi suna shi ne Promalin. Sinadarai biyu ne a ciki. Ɗaya jibaralin, mai miƙar da ƙwayoyin halittar ɗan itace, ɗayan kuma mai sa su rarrabu su yi yawa. Shi jibaralin kowane tsiro yana yin nasa. Wani masani ɗan Japan, Eiichi Kurosawa, shi ya fara bin sawunsa a 1926, yana binciken wata fumfuna da ke sa shinkafa ta zanƙale ta yi tsawo babu ƙwaya.

Girma kuwa labarinsa daban ne, kuma duk wanda ya taɓa cirar gero ya riga ya san shi. Tuffa tana fure biyar-biyar ko shida a gungu, na tsakiya shi ke fara buɗewa, shi ke ba da ɗa mafi girma. In aka bar su duka su kama, bishiya za ta cika da ƙananan 'ya'ya, baɗi kuma ta ƙi yin fure sosai. Sai manomi ya rage su da hannu, ko ya fesa sinadarin da ke sa raunanan su zube. Makonnin farko bayan fure su ne komai, domin a nan ake ƙayyade yawan ƙwayoyin halittar da tuffar za ta girma da su. Mai zarce ƙima wajen feshin kuma asara yake jawo wa kansa, don 'ya'yan kan tsumbure su maƙale a reshe.

Ka lura da lokaci. Yawancin tuffar da ke shigowa Kano daga Afirka ta Kudu take. Can fure yake yi wajen Satumba da Oktoba, tsinka kuma sai sabuwar shekara ta kama. Watanni ke nan tsakanin feshin fure da kwalinka. Duk da haka ban ce kowane sinadari waliyyi ne ba. A 1989 an janye wani mai suna Alar daga gonakin tuffa a Amurka saboda fargabar cutar daji. Amma in damuwa za mu yi a garin nan, ni na fi jin tsoron kabayid ɗin da wasu ke nunar da ayaba da mangwaro da shi, wanda hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa.

Karkatacciyar kuma mafi yawa aikin ƙudan zuma ne bai cika ba, su da ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan har ƙwallo ya samu. Tuffa ɗaki biyar gare ta a ciki, kowanne kan ɗauki ƙwallo biyu, kuma ƙwallayen ne ke fitar da sinadarin da ke sa naman gefensu ya cika. Ka yanka guda a kwance gaban mai saye, zai ga gefen da ya motse ɗakinsa wayam ne ko ƙwallonsa ya shanye. Lafiyarta ƙalau, sai dai ka ɗan sassauta mata kuɗi. A wanke da ruwa mai tsabta, a ci.