Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Hasashen Yanayi Ke Buƙatar Manyan Kwamfutoci?

Tambaya: Malam, na ji cewa a shekarar 2020 gwamnatin Birtaniya ta ware fam biliyan 1.2 domin samar wa hukumar hasashen yanayinta babbar kwamfuta. Wannan ba almubazzaranci ba ne, alhali har gobe akan ce za a yi ruwa kuma gari ya wuni tarwai? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Malam, a ganina kuɗin nan bai tafi a banza ba, kuma kuskuren da ka ambata shi kansa yana cikin dalilan kashe su.

Masana suna yanka sararin samaniya gida-gida kamar ramukan dara, sannan kwamfuta ta lissafa zafi, danshi, matsin iska da gudunta a kowane gida, ta tura lissafin gaba da 'yan mintoci, ta sake, har ta kai kwanaki goma ko fiye. A cibiyar hasashen Turai, ECMWF, wadda manyan kwamfutocinta ke aiki a Bologna ta Italiya tun 2022, faɗin kowane gida kusan kilomita 9 ne. To, gajimaren tsawa da ke haɗa hadarin daminarmu sau da yawa bai kai wannan faɗin ba, don haka kwamfuta ba ta ganinsa sosai, ƙiyasta shi kawai take yi. Shi ya sa za a sheƙa ruwa a wannan ƙauye har kwari ya cika, maƙwabcinsa kuwa ko yayyafi bai samu ba, hasashen kuma bai bambance su ba.

Idan aka rage faɗin gidajen da rabi, aikin zai ninka aƙalla sau takwas, domin gidajen sun ninka huɗu, kuma dole a gajarta tazarar lokacin lissafi. Bugu da ƙari, ba sau ɗaya ake lissafin ba: ECMWF tana maimaita shi sau 51 da ɗan sauyi a bayanan farko, daga nan ne ake fitar da maganar yiwuwar ruwa kashi kaza cikin ɗari.

Sai dai kwamfuta ba ta ƙirƙiro awon da ba a yi ba, kuma tashoshin auna yanayi sun yi ƙaranci matuƙa a Afirka. NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, da ACMAD, cibiyar nazarin yanayi ta Afirka da ke Yamai, suna amfani da sakamakon irin waɗannan cibiyoyi, amma ingancinsa a yankin Sahel zai ci gaba da zama mai rauni muddin gwamnatocinmu ba su ƙara tashoshin awo ba, ba su kuma kula da waɗanda ake da su ba.